Tambayi Likita: mai jego mai yawan kuka da saurayin da ya daina fitowa daga ɗaki

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Kumo: Likita sati na biyar kenan da haihuwa, kullum kuka nake yi ban san dalili ba, abinci baya min daɗi, ko yaron ya yi barci ni idona biyu. Surukata tace rashin godiyar Allah ne.

Toh 'yar'uwa sannu, kuma ba rashin godiya bane wallahi. Akwai ɗan kukan nan da yawancin masu jego keyi daga kwana 2 ko 3 da haihuwa saboda sauyin sinadaran jiki, shi wannan baya wuce sati 2 yake tafiya da kansa. Naki ya zarce haka, ga rashin barci ga rashin cin abinci, abinda nafi zargi ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, kuma ba ke kaɗai bace, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na shiga irin wannan hali bayan haihuwa. Kar ki jira sai an yi arba'in. Ki koma inda kika yi awo ki faɗa wa nas ɗin komai yadda kika rubuto min, a duba jininki ko ya yi ƙasa tunda ƙarancin jini ma yana kawo kasala, in abin ya fi ƙarfinsu su turaki sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Tarayya dake Gombe. Akwai magungunan da mai shayarwa ke sha ba sai ta yaye ba, sai dai sukan ɗauki sati 2 zuwa 4 kafin a fara jin sauƙi, kar ki ce basa aiki ki watsar. Maigida kuma ya dinga karɓar yaron ko a samo wadda zata kwana dake ki samu barci. In har kin taɓa jin kamar ki cutar da kanki ko jaririn, ranar zaki je asibiti ba gobe ba.

Wani magidanci daga Azare: Kwana 6 da haihuwar matata, bata barci sam, tana ta surutai, tace jaririn ba nata bane an canza mata. Dangi sunce shafar aljanu ce a kira mai ruƙiyya.

Malam wannan na gaggawa ne, ka ajiye wayar ka nemo mota. Ruɗewar bayan haihuwa ce, bata da yawa, mace 1 ko 2 cikin haihuwa 1,000, amma tana zuwa da sauri a satin farko ko na biyu kuma tana iya cin rai. Kar a barta ita kaɗai da jaririn ko na minti ɗaya, kar a ɗaureta, kar a daketa da sunan fitar da aljani. Ni bana hana kowa addu'a, ayi ta a hanya ayi ta a bakin gado, amma a kaita babban asibiti yanzu tunda zazzaɓi mai zafi bayan haihuwa ma na iya kawo irin wannan ruɗewa, dole a auna. Yawancinsu suna warkewa sarai su koma gidajensu. Abinda ke ɓata min rai shine sai an yi wata ana yawo da mace gida-gida sannan a kawo ta duk ta rame.

Wata mai ciki wata 2 daga Billiri tana shan maganin ƙwaƙwalwa tun kafin aure, tana tambaya ko ta daina sha?

A'a kar ki yanke da kanki, ciwon na iya dawowa da ƙarfi. Ki kwashi kwalayen ki kai wa likitan da ya rubuta miki cikin satin nan. Wasu ana ci gaba dasu, wasu kamar sodium valproate suna illa ga ɗan tayi sai an canza.

Wata uwa daga cikin garin Bauchi: Ɗana shekara 17 ya daina fita, ya daina zuwa ƙwallo, na tsinci fatar tiramol a aljihun wandonsa, babansa yace a kaishi gidan mari.

Hajiya don Allah ki roƙi babansa kar a kaishi, mari da bulala basa cire ƙwaya daga jiki. Sau da yawa damuwar ce ke fara zuwa ƙwayar ta biyo baya, kuma kusan rabin cututtukan ƙwaƙwalwa tun kafin shekara 14 suke somawa ba a lura ba. Ki zauna dashi ku biyu ba a gaban ƙannensa ba, ki tambayeshi me ke damunsa, har ki tambayeshi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar bata sa yaro ya aikata. Tiramol in an daɗe ana sha ba a yanke shi dare ɗaya, yana kuma iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, don haka ku kaishi sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) dake Bauchi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta bashi haƙƙin a kula dashi cikin mutunci da sirri. Ku tafi da fatar ƙwayar, likita zai so ganin ƙarfinta.