Hukuncin ajiye "shukar kuɗi" a cikin ɗaki

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ƙawata ta ba ni kyautar wata 'yar shuka a tukunya, ganyenta zagaye kamar kwabo, wai sunanta shukar kuɗi ta ƙasar Sin. Ta ce in binne kwabo a cikin ƙasar tukunyar, arziki zai riƙa shigowa gida. Ni dai kyanta ne ya burge ni, amma maigidana yana ganin a fitar da ita. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri da kika tambaya kafin ki aikata.

Wannan tsiro masana suna kiransa Pilea peperomioides, asalinsa daga duwatsun lardin Yunnan ne, kudu maso yammacin Sin. A 1946 wani ɗan mishan, Agnar Espegren, ya kai shi ƙasarsu Norway, daga nan ya bazu gida-gida ta hanyar kyautar 'ya'yan da yake fitarwa a gindinsa. Sunan kuɗin kuwa daga kamannin ganyen ya samo asali.

Ajiye shi don ado halal ne. Asalin abubuwa irin wannan halacci ne har sai dalili ya hana, kuma a Suratun Namli, aya ta 60, Allah ya ambaci lambuna masu ƙayatarwa cikin ni'imominSa.

Matsalar tana cikin maganar ƙawarki. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Waƙid Allaisi cewa a hanyar Hunaini, shekara ta 8 bayan Hijira, Sahabbai sun wuce wata magarya da mushrikai suke rataya makamansu a kanta don neman albarka, ana ce mata Zatu Anwaɗ. Wasu sababbin shiga Musulunci suka roƙi a sanya musu irinta. Annabi (SAW) ya kwatanta roƙon nasu da na mutanen Annabi Musa, da suka ce a sanya musu abin bauta kamar yadda wasu suke da shi. Ki lura, ba cewa suka yi za su yi wa itacen sujada ba. Albarka kawai suka nema a wurin da Allah bai sanya ta ba, amma ga irin martanin da suka samu. Abin da ke damuna shi ne yadda ake shigo da irin wannan da sunan wasa: yau a ce gwaji ne, gobe ciniki ya yi kyau, zuciya ta waiwayi tukunya.

Malamai sun bambance tsakanin hali biyu. Wanda ya ƙudurce cewa shukar da kanta take jawo arziki, wannan babban shirka ne. Wanda ya ce Allah ne mai bayarwa amma shukar sababi ce, ya faɗa ƙaramin shirka, domin shari'a ba ta sanya ta sababi ba, hankali ma bai tabbatar ba. Binne kwabo da wannan niyya bai halatta ba. Kada kuma a fake da kyakkyawan fata, domin kyakkyawan fatan da Annabi (SAW) ya so, ya fassara shi da kalma mai daɗi da mutum zai ji. Mai sayar da furanni shi ma cinikinsa halal ne, amma tallata ta da cewa tana kawo kuɗi ƙarya ce da yaɗa camfi.

Idan za ki riƙe ta, ki kula da ita. Tana son haske kusa da taga, amma rana kai tsaye tana ƙona ganyen, kuma tsiron kan tsauni ne, zafin bazara yana wahalar da shi. Tukunyar ta kasance da huda a ƙasa. Kada ki ba ta ruwa sai saman ƙasar ya bushe, domin yawan ruwa ke ruɓar da saiwa. Ki riƙa juya tukunyar don kada ta karkata wajen haske, a lokacin hunturu kuma ki goge ƙurar ganyen da ɗanyen tsumma.

Shi kuwa maigidanki, kishin tauhidi ne ya motsa shi. Ki karanta masa wannan amsa. Idan hankalinsa bai kwanta ba, ko ke kanki kika ji zuciyarki ta fara jingina wani abu gare ta, ki bayar da ita ga wanda bai san camfin ba. Ƙawarki kuma ki yi mata nasiha cikin taushi, ta yiwu ba ta sani ba. Allah ne mafi sani.