Bangon Fata da Ruwan Zinare: Shin Wannan Bugun Ya Kai Kuɗinsa?

Tambaya: Malam, ni malamin Faransanci ne a Damagaram. Wani dillali a Paris ya turo mini hoton littafin Madame Bovary na Flaubert, da bangon fata da adon zinare da zane-zane a ciki, ya ce bugu ne ƙayyadadde. Kuɗin ba kaɗan ba ne. Me zan duba kafin in biya?

Amsa: Malam, ka fara ɗauke ido daga zinaren. Ka ce dillalin ya turo maka hoton shafin da Faransawa ke kira justification du tirage, wanda ake sa shi a farkon littafi ko a ƙarshensa. A nan mawallafi ke faɗin kwafi nawa aka buga, a kan wace takarda, sannan a rubuta lambar kwafin da ke hannunka. Idan babu wannan shafi, kalmar "ƙayyadadde" bakin dillali ce kawai.

Takardar ma hawa-hawa ce. A al'adarsu, lambobin farko sukan fito a kan takardar Japan ko ta Sin, sai ta Holan, sauran kuma a kan takardar Faransa ta Arches ko Rives. Masu lambobin farkon nan sau da yawa ana haɗa musu da ƙarin jerin zanen a ware, wani lokaci har da zanen hannu na asali. Don haka kwafi biyu na bugu ɗaya farashinsu na iya yin nisa kamar sama da ƙasa. Ga ma'auni: labarin Balzac, Le Chef-d'œuvre inconnu, da dillalin zane-zane Ambroise Vollard ya fitar a 1931 da zanen Picasso guda 13 da aka sassaƙa a tagulla, kwafi 340 ne kacal. Littafin kuwa da aka buga dubbai, aka riƙa aika wa masu biya duk wata ta gidan waya, yana ƙawata kanta, amma ranar sayarwa da wuya ya mayar da uwar kuɗi.

Shafa zanen da yatsa, in da hali. Bugun tagulla na gaskiya yakan bar ɗan lotsi a takarda kewaye da zanen; hoton inji kuwa sumul yake.

Sai bango. A da, littattafan Faransa da bangon takarda ake sayar da su, mai saye ya kai wa gwanin ɗinki da kansa. Duba cikin bangon, can ƙasa, ko akwai sunan maɗinkin da ƙananan baƙaƙe. Sunan Pierre Legrain ko Paul Bonet ko Rose Adler kan sa bangon ya fi littafin tsada. Ka tambaya kuma ko an bar bangon takardar na asali a ciki, don masu tarawa suna kula da shi ƙwarai.

Fatar da suke ji da ita, maroquin, fatar akuya ce mai sunan Maroko, kuma wani ɓangare na abin da ya riƙa isa Turai da wannan suna daga wajenmu ya tashi, fatar jar akuya irin ta Sakkwato da Maraɗi, ta ratsa Sahara a bayan raƙuma.

Idan ka saya, yanayinmu ne abokin gabarka. Hunturu na busar da fata har ta tsattsage, danshin damina na sa takarda ɗige-ɗige ja, gara kuwa ba ruwanta da Flaubert. Ka ajiye shi a kwabar ƙarfe nesa da bangon ɗaki da hasken rana, kuma kada ka naɗe shi a leda.