Rina furfura da baƙi ga mai neman aure

Tambaya: Malam, shekaruna 59, na yi ritaya daga koyarwa, ina zaune a Ƙofar Marusa cikin Katsina. Uwargidana ta rasu bara, tun daga nan furfura ta cinye mini kai da gemu, in na dubi madubi sai gabana ya faɗi. Yanzu ina neman wata bazawara a Daura, ita a zatonta ban wuce 45 ba. Mai askina ya ce bari ya rina mini baƙi, wani kuma ya ce mai yin haka ba zai ji ƙanshin Aljanna ba.

Amsa: Allah Ya jiƙan uwargida, Ya ba ka haƙuri. Rini da lalle ya halatta, babu gardama. Tsige furfura kuwa makaruhi ne.

Baƙi ne ake saɓani a kansa. Imamu Nawawi da wasu sun haramta, hujjarsu Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, da aka kawo ranar buɗe Makka kansa fari fat, Annabi (SAW) ya ce a canza masa amma a guji baƙi. Sai hadisin Ibn Abbas da wancan mutumin ya tsorata ka da shi. Ni dai ban ga haramcin kai tsaye ba. Abu Ƙuhafa tsoho ne tukuf, baƙin gashi a kan irin wannan fuska abin dariya ne. Hadisin Ibn Abbas kuma malamai da dama sun ce alamar wasu mutanen ƙarshen zamani yake faɗi, ba rinin ne ya hana su Aljanna ba. An ruwaito Sa'adu bin Abi Waƙƙas da Uƙuba bin Amir da Hasan da Husaini sun rina da baƙi. Su ma za a ce ba su jin ƙanshinta? Imamu Malik a Muwaɗɗa ya ce bai ji wani tabbataccen abu a kai ba, sai dai wani launin ya fi soyuwa gare shi. Risala, wadda muka karanta a zaure, ta ce makaruhi ne ba haram ba. A nan na tsaya.

Amma kai, Malam, hukuncinka daban ne, saboda maganar Daura. Mace tana zaton kai ɗan 45 ne, ka je da baƙin gemu don ta zauna a kan zatonta, wannan yaudara ce, har masu sassautawa ma sun haramta ta. Faɗa wa waliyyinta shekarunka tun kafin a yanka sadaki. Rini kuma ba ya rufa asiri, mako uku da ɗaurin aure farin zai leƙo daga tushe, ita ce kuma za ta fara gani.

Faɗuwar gaban nan ta fi damuna. Ina jin ba furfurar kake gani a madubin ba, gidan ne da ya yi maka shiru. Wannan ba raunin imani ba ne, Annabi (SAW) ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim. In barci yana ƙi maka, je a auna maka hawan jini, ka kuma koma majalisar abokanka bayan La'asar. Zuhuri, ɗaya daga malaman tabi'ai, ya ce suna rini da baƙi lokacin da fuska ke sabuwa, da fuska ta saki, haƙora suka yi rawa, sai suka bari.

In ta sani kuma kana son lalle, sa abinka. Rinin kanti kuwa gwada kaɗan a bayan kunne, ka jira kwana 2, yana kumbura wa wasu fuska. Wallahu a'alamu.