Gashin sankarar mama a ɓangaren hagu: zai taɓa min zuciya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 48, an yi min aikin sankarar mama a nonon hagu, an cire ƙullutun an bar nonon. Yanzu an ce sai an yi min gashi, amma wata ƙawata ta ce gashin yana lalata zuciya. Ga shi ina da hawan jini. In yarda ko in haƙura?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ki yarda a yi. Maganar ƙawarki tana da tushe, sai dai an faɗa miki rabinta ne.

Zuciya tana kwance ne a bayan ƙashin ƙirji, ta ɗan karkata hagu. Idan aka saita na'urar gashi, wadda ke harba haske mai ƙarfi don kashe ƙwayoyin sankara, a kan nonon hagu, wani ɗan kaso na hasken yakan shafi gabanta, inda wata babbar jijiya take bi tana shayar da tsokar zuciyar da jini. Hasken yana iya ƙuje cikin jijiyar, a hankali ta yi kauri ta ƙuntace, har bayan shekaru a wayi gari da ciwon ƙirji ko toshewar jijiya. Jefi-jefi kuma yakan taɓa jakar da ta lulluɓe zuciyar ko ƙofofinta.

Binciken da muka fi dogara da shi ya fito a 2013, ƙarƙashin Farfesa Sarah Darby ta Jami'ar Oxford. An bi bayanan mata 2,168 da aka yi wa gashi a Suwidin da Denmak tsakanin 1958 da 2001. Ana auna hasken da wani ma'auni mai suna gire, kuma an ga cewa duk gire ɗaya da ya shiga zuciya yana ƙara haɗarin babbar matsalar jijiya da kashi 7.4 cikin ɗari na haɗarin da mace take da shi tun farko. Wannan lissafi yakan firgita mutane don ba a fassara musu shi. Ga yadda yake: mace mai shekara 50 da ba ta da wata larurar zuciya ko abin da ke jawo ta kamar hawan jini, idan zuciyarta ta sha gire 3, yiwuwar ciwon jijiyar zuciya ya zama ajalinta kafin ta kai 80 zai tashi daga kashi 1.9 zuwa 2.4. Wato ƙarin mace ɗaya a cikin 200. Kuma matan binciken an yi musu ne da dabarun da, lokacin da nonon hagu kan jawo wa zuciya sama da gire 6. Yau, da tsari mai kyau, ana iya sauko da shi zuwa 1 ko 2.

To ki ɗora wannan a kan abin da gashin yake hanawa. A matan da aka cire wa ƙullutu aka bar nono, kamar ke, gashi yana rage dawowar cutar cikin shekara 10 daga kashi 35 zuwa kusan 19. Abin da ya fi ci min rai a aikin nan shi ne macen da ta tsallake aiki lafiya, ta ji labari a gidan biki ta guje wa gashi, sannan ta dawo da ciwon ya bazu.

Kafin a fara, ki tambayi likitan gashin kai tsaye: gire nawa zuciyata za ta sha? Haƙƙinki ne, ba raini ba ne. Ki kuma tambaya ko suna da tsarin riƙe numfashi. Za a ce ki ja iska ki cika ƙirji ki riƙe na kamar daƙiƙa 20. Huhu ya kumbura ya ture zuciya nesa da nonon, sai a kunna na'urar a daidai lokacin. Ba kowace cibiya ce take da shi ba, amma ko babu, hoton cikin jiki na siti (CT scan) na tsara gashi da kare zuciya da ake yi suna taimakawa sosai.

Hawan jininki shi ne abin da na fi so ki riƙe da hannu biyu, domin haɗarin gashi a kan wanda kike da shi yake hawa. Ki sha maganinki kullum, ki rage gishiri da kanwa, a duba miki suga da kitsen jini, ki nisanci hayaƙin taba da shisha. Idan an ba ki maganin sankara na kemo mai jan ruwan nan, doxorubicin, ko allurar Herceptin, su ma suna iya raunana zuciya, don haka a yi miki hoton zuciya na eko. Idan kuma kin taɓa kumburi da haki bayan haihuwa, abin da muke yawan gani a nan Arewa, lallai ki faɗa musu tun kafin a tsara.

Bayan an gama, ko da shekara goma ta wuce, duk ranar da kika ji nauyi a ƙirji, haki a ɗan tafiya, ko kumburin ƙafa, ki je asibiti a ranar, ki ce musu an taɓa yi miki gashi a hagu.