Na sayi na'urar neman zinare ta hannu, surutunta ya hana ni sakat

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina neman zinare a yankin Agadas da na'urar GPX 4500. Da yake in ta lalace a daji sai mutum ya zauna zaman jiran gyara, na sayi Gold Monster 1000 ta hannu don ko-ta-kwana. Tun da na kunna ta hankalina bai kwanta ba. Tana surutu ko babu ƙarfe, faifan da ake bin ƙasa da shi na taɓa dutse sai ta sa kuka, kuma da na gwada ta da zobe, daga taƙi ɗaya ta daina ji. Abokan aiki sun ce an cuce ni, wai na'urar kirki tana ganin zinare a zurfin mita 10, in sayar in cika kuɗi in sayi mai eriya da ke nuna shi daga nisan kilomita 2. Jabu aka sayar mini?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, cikin abin da ka lissafa babu wanda ya nuna jabu ce. Kunnenka ne ya saba da GPX. Ita irin na'urar da ake kira PI ce, mai tura maganaɗisu ƙasa bugu-bugu, ƙasa mai zafi, wato mai yawan ma'adinin ƙarfe, ba ta cika damunta ba. Gold Monster kuwa irin da ake kira VLF ce, mai tura maganaɗisu ba yankewa a kan kilohaz 45, an ƙera ta don ƙananan ƙwayoyi na kusa da sama, shi ya sa baƙin yashi da marmara ke tsokanar ta. Kukan da take yi in faifai ya bugi dutse ma sanannen halinta ne idan an ƙure mata ƙarfin ji. Rage shi, ko ka mayar da ita kan Auto, ka ɗaga faifan ka sauke a hankali har ta saba da ƙasar wurin. Cire murfin ƙasan faifan ka wanke, domin a na'urar hannu sau da yawa za ka tarar baƙin yashi ya cika shi. Duba wayar faifan inda ta shiga kan na'urar, nan ne take karyewa ta ciki. Kada kuma ka kunna ta kusa da GPX mai aiki ko da wayar salula a aljihun gaba.

Batun jabu, akwai shi, an cika kasuwannin Afirka da jabun na'urorin Minelab, kamfanin da ke ƙera naka biyun, musamman GPX. Ka ɗauki hoton lambar jikinta ka tura wa dillalin da kamfanin ya amince da shi ya tantance maka. Gwajin zobe a iska kuwa ba ya nuna yadda za ta yi a cikin ƙasa. Samu guntun dalma kamar ƙwayar gero, da wani kamar ƙwayar wake, ka binne su a irin ƙasar da kake aiki, ƙaramin a zurfin santimita 3, babban a 10. Dalma na amsawa kusa da yadda zinare ke amsawa. In ta ji su da murya tsaf, lafiyarta ƙalau.

To sai maganar abokanka, wadda ita ce ta fi ɓata mini rai, don kullum sai an zo mini da ita. Babu na'urar hannu da ke jin ƙwayar zinare a zurfin mita 10. Babu ita. Ƙarfin maganaɗisun da faifai ke turawa ƙasa yana raguwa da sauri ƙwarai, amsar da ke dawowa ta fi shi rauni. GPX ɗinka da babban faifai, in Allah ya haɗa ka da dunƙule mai nauyi, tana iya jin sa a rabin mita ko abin da ya kusanci mita. Ƙwayar da ba ta kai giram ba, 'yan santimita ne. Garin zinaren da ke cikin dutse, wanda sai an niƙa an wanke, ko babbar na'urar Minelab, GPZ 7000, ba ta jin sa. Duk zinaren da ya tara dubban mutane a Jado daga 2014, wanda na'ura ta tsinto, na kusa da sama ne.

Ita kuma mai eriyar, bari in gaya maka abin da take. Sanda ce a kan maƙalli mai juyawa. Hannunka na ɗan karkacewa ba tare da ka sani ba, sai ta juya inda zuciyarka ta riga ta karkata. Fitilu da allo da jaka mai kyau duk kwalliya ce, kamar a yi wa jaki sirdin doki. Wannan damfarar ba da mu ta fara ba. Wani Bature ɗan Ingila, James McCormick, ya sayar wa gwamnatoci irin wannan sandar da sunan ADE 651, wai tana gano bam. Iraƙi ta saya kan dubban daloli kowace ɗaya, Nijar ma tana cikin waɗanda aka sayar wa. Asalinta abin wasa ne na neman ƙwallon golf, ko batir babu a cikinta. A 2013 kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 10. In jami'an tsaro sun faɗa tarkon, kada ka yi mamakin abokanka.

Da asarar kuɗi ce kawai da sauƙi. Abin da ke faruwa shi ne mai eriya ya buga ƙafa ya ce nan ne, mita 12. A fara haƙa. A kai 12 babu komai, ya ce saura kaɗan, zinaren ya matsa, ko aljanu sun janye shi sai an yi yanka. Mutanen da suka zuba jarinsu ba sa iya tsayawa, sai su fara ɓulla rami ta gefe ba tokari ba iska, da janareto na hayaƙi a bakin ramin. Shi kuwa ya karɓi kuɗin nuni ya yi gaba, bai taɓa shiga ramin da ya nuna ba. Ka tuna yadda ramuka suka rufta a Garin Liman ta Ɗan Isa, jihar Maraɗi, a Nuwamban 2021, aƙalla mutum 18 suka rasu. Rami mai zurfi a ƙasa mai laushi haka yake yi, ko wa ya nuna shi.

In wani ya matsa maka da eriyarsa, ga gwaji mai arha. Haƙa ƙananan ramuka 10, ka sa zinare a ɗaya ba ya gani, wanda ya binne ma ya bar wurin. Ya nuna, a sake, a sake. Za ka ji ana cewa rana ta yi zafi ko akwai mai mugun ido a wurin.

Kada ka sayar da Gold Monster ɗin. Ba za ta maye gurbin GPX a zurfi ba, amma sa mata ƙaramin faifan nan mai inci 5 ka bi tarin ƙasar tsofaffin ramuka da tsagogin duwatsu, tana ɗaukar ƙananan da babbar ke tsallakewa. Batirin na'urar hannu ba abin dogaro ba ne, don haka ka tafi da gidan ƙananan batira 8 da ke zuwa tare da ita. In kuwa ta kasa jin dalmar nan bayan ka wanke faifai ka rage ƙarfi, ari faifan wani ka sake gwadawa kafin ka koma wa wanda ya sayar maka, domin sau da yawa faifan ne ya mutu ba kan ba.