Babanmu Zai Ajiye Allurar Suga Saboda Littafin Ibnu Sina

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya shekara tara da ciwon suga, yana allurar insulin. Wani amininsa ya kawo masa Alƙanun, littafin likitanci na Ibnu Sina, sabon bugu mai bango mai ƙyalli, an buga shekarar bara a jiki. Yanzu ya ce maganinsa na ciki, zai ajiye allura. Hankalinmu a tashe yake. Littafin nan abin dogaro ne? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya. Ki roƙe shi kada ya tsallake allura ko ta kwana ɗaya sai da izinin likitansa, domin suga idan ya hau yana iya kai mutum ga doguwar suma.

Shekarar da kika gani a bango ta takarda ce da tawada. Ibnu Sina ya kammala Alƙanun wajen 1025, ya rasu a Hamadan a 1037. An buga shi da Larabci a Rum a 1593, sannan maɗaba'ar Bulaƙ ta Alƙahira ta fitar da nata a 1877, kuma da yawa daga abin da ke kasuwa yau wannan bugun ne aka ɗauki hotonsa ko aka sake tsara rubutunsa, da kurakuransa duka. Insulin kuwa sai 1922 aka fara yi wa ɗan Adam allurarsa. To ta ina zai shiga littafin da ya girme shi da kusan shekara 900?

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu buɗe irin waɗannan littattafai su zauna haɗa magani kamar ana karanta yadda ake dafa miya. Kusan kowane mako sai an kawo mini shafi an ce in fassara. Ga misali ƙarami: a rubutun hannu na da, kalmar bakwai da kalmar tara, wato sab'a da tis'a, ɗigo ne ya fi raba su, kuma masu kwafa sau da yawa ba sa sa ɗigo. Mai buga littafi ya zaɓi wanda ya ga dama. Dirhamin awo kuma, duk da yana kusa da giram uku, bai zama ɗaya a kowane gari da kowane zamani ba. Sunan tsiro ma haka: sunan da aka sani a Bukhara na iya zama na wani ganye dabam a Misira, sai mai magani a nan ya ɗauko abin da ya yi masa kama a jeji ya ce shi ne. Ga afyun mai sa maye, ga zaiba, ga dalma, duk suna cikin magungunan da. Wanda ya tuna yaran Zamfara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 ya san wannan ba abin wasa ba ne. Amma mai lasifika a bayan mota zai ɗaga littafi ya ce "malaman da ne suka faɗa", ko shafin bai iya karantawa ba, mutane kuma su yi ta miƙa kuɗi.

Malaman da ɗin ma ba su ɗauki Alƙanun wahayi ba. Likita Ibnun Nafis, wanda ya rasu a 1288, a cikin sharhinsa na wannan littafin ne ya ce babu ƙofa tsakanin ɓangarorin zuciya biyu, jini ta huhu yake zagayawa, saɓanin abin da aka gada daga Jalinusa, shahararren likitan Girkawa na da.

Wani lokacin ma sunan da ke bango ba na mai littafin ba ne. Arrahma fiɗ Ɗibbi wal Hikma da ake sayarwa da sunan Suyuɗi, malamin Turkiyya Haji Khalifa a Kashfuz Zunun, kundinsa na sunayen littattafai da marubutansu, wani malamin Yaman ya jingina wa shi.

Kada ku ƙwace wa Baba littafinsa, zai ga raini ne. Ki sa babban wanku ya raka shi asibiti ranar ganin likita, su tafi da shafin da amininsa ya yi masa alama, a karanta wa likita sunayen abubuwan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya.