Iyafis ko babban hedifon, wanne ya fi sauti?

Malam, ka tambaya ko iyafis na cikin kunne zai iya kamo babban hedifon mai rufe kunne wajen daɗin sauti. Na yi amfani da duka biyun, kuma gaskiya in a ɗaki zan zauna hedifon nake ɗauka. Sifikar cikinsa yawanci milimita 40 ce ko 50, ta iyafis kuwa wajen milimita 10, kuma da yake ba a cikin ramin kunne take ba sai ka ji sautin ya buɗe, ganga can gefe, muryar mawaƙi a gabanka, shi ko iyafis kamar a tsakiyar kanka ake kiɗan.

Amma fa kar ka raina iyafis. Sirrinsa wannan robar ta bakinsa ce, in ba ta toshe kunnen sosai ba bes ɗin zurarewa yake, sautin ya koma siriri. Ni na daɗe ina zargin nawa, ashe robar ce ta yi min ƙarama, ranar da na sa babbar wallahi kamar sabo na saya. A cikin hayaniya ma ya fi, ba sai ka ƙure murya ba. Hedifon kuma da zafi kunne gumi yake.